Na ci bashi na sayi kyamara mai megafiksel 45, amma hotunana sun ƙara dishewa

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Zariya. Na daɗe ina aiki da Canon 80D da lensi uku: 18-135 da ya zo tare da kyamarar, da 75-300, da ɗan ƙaramin 50mm f/1.8. Da na ga abokan sana'a suna ta komawa manyan kyamarori, sai na roƙi yayana ya ranta mini kuɗi, na haɗa da adashena na sayi Canon R5 ta hannu, da adafta don in ci gaba da aiki da lensin da nake da su. Wallahi tun da na saye ta ban ga abin da ake ta yabo ba. In na buɗe hoto a kwamfuta na jawo shi kusa, sai in ga na tsohuwar kyamarata ya fi fitowa ras. A wani biki kwanan nan na ɗauki hoton dangi layi uku da 50mm ɗin, na gaba suka fito, na baya suka yi dishi-dishi, har yayar amarya ta hana ni cikon kuɗina. Wanda ya sayar mini da kyamarar ya ce laifin lensi ne, sai na sayi RF 24-70 f/2.8, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Yayana ya fara tambayar yaushe zan fara biya, ni kuma na kasa gaya masa halin da ake ciki. In sayar da kyamarar ne, ko in ƙara cin wani bashin?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya yaye maka wannan damuwa. Kada ka sayar da kyamarar a wannan watan, kuma kada ka ci wani bashin. Kusan duk abin da ke damun hotunanka ka riga ka rubuto shi da hannunka a wasiƙar nan, kuma mafi yawansa gyaransa ba zai ci maka ko sisi ba.

Idonka bai yaudare ka ba. In dai da 18-135 ɗin nan kake yawancin aikinka, to lallai tsohuwar kyamararka ta fi ba ka hoto mai cika. Ɗauko lensin ka duba jikinsa, za ka ga an rubuta EF-S. An ƙera shi ne don ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) irin ta 80D, mai faɗin milimita 22 da 'yan kai, tsayi kusan 15. Sensar R5 kuwa milimita 36 ce a 24. Da'irar hasken da wannan lensi ke jefawa ba ta kai ta rufe babbar sensa ba, saboda haka da zarar ka ɗaura shi ta adafta, kyamarar da kanta, ba tare da ta nemi shawararka ba, sai ta watsar da gefuna ta koma aiki da tsakiya kaɗai. Abin da ke saura a tsakiyar nan megafiksel 17 ne da ɗan ɗoriya, wato fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) miliyan 17. Ita 80D ɗin da ka ajiye 24 take ba ka. Wato duk tsawon lokacin nan da kake ganin ka hau zuwa 45, sauka ka yi daga 24 zuwa 17. Kada ka yarda da ni haka kawai. Buɗe ɗaya daga cikin hotunan a kwamfuta ka duba girmansa. In ka ga 5088 a 3392, to an yanke. Cikakken hoton R5 8192 ne a 5464. Kuma ba halin Canon kaɗai ba ne: Nikon D850 mai megafiksel kusan 46 tana komawa wajen 19 in aka sa mata lensin DX, wato na ƙaramar sensa, Sony a7R IV mai 61 tana komawa 26 da lensin ƙaramar sensa. Masu sayar da adafta ba kasafai suke faɗin wannan ba, wasu don ba su sani ba, wasu don ciniki. Ita adaftar ba ta da laifi, domin ta Canon ta asali babu gilashi ko ɗaya a cikinta, zobe ne kawai da wayoyin da ke isar da saƙo tsakanin lensi da kyamara. Saboda haka yau ɗin nan ka cire 18-135 ka mayar da shi kan 80D, can ne gidansa, kuma can zai ci gaba da yi maka aiki a matsayin kyamara ta biyu a wajen biki.

Sai maganar da ke yawo a tsakanin masu hoto, wai sensa mai fiksel da yawa tana ɓata hoton tsohon lensi. Ba haka abin yake ba, kuma ina so ka fahimci dalili don kada wani ya sake tsorata ka da ita. Lensi shi ne ke zana hoto da haske a kan sensa. Sensa ba ta zana komai, aunawa take yi: tana yanka abin da lensi ya zana ƙanana-ƙanana ta rubuta hasken kowane yanki. In ka ƙara yawan yankan, ba ka taɓa zanen ba, ka dai ƙara iya ganinsa. Kamar mutum ne da ya sa sabon tabarau ya fara hango ƙura a kan kujerun ɗakinsa, ai ba tabaran ne ya kawo ƙurar ba. Lensi guda, a sa shi kan sensa mai 24 da kuma mai 45 masu girma ɗaya, a buga hotunan biyu a takarda mai girma ɗaya, na 45 ba zai taɓa kasa na 24 ba. Ko dai su yi kunnen doki in lensin mai rauni ne, ko na 45 ya ɗan fi. Abin da lensi mai rauni ke yi shi ne ya hana ka cin ribar kuɗin da ka zuba, ba ya mayar da kai baya ba.

To me ya sa mutane ke rantsuwa cewa sun ga ya lalace? Saboda yadda suke dubawa. Kowa ya ɗauki hoto sai ya jawo shi zuwa kashi 100 a allon kwamfuta, inda kowane fiksel na hoto ke hawa kan fiksel ɗaya na allo. Hoton da ya fi yawan fiksel, a kashi 100 ya fi girma, kamar ka ƙara matso da fuskarka ne kusa da takarda. Ba adalci ba ne ka gwada hoto biyu alhali ɗaya ka faɗaɗa shi fiye da ɗaya. Ka sa fuskar amarya ta zama girma ɗaya a hotunan biyu, sannan ka yi hukunci. Kuma ka rage buri tun yanzu: daga 24 zuwa 45 kamar ninki biyu ne a baki, amma a faɗin hoto daga fiksel 6000 ne zuwa 8192, ƙarin da bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Ƙari ne na gaske, yana ba ka damar yanke hoto ko buga babban firam, amma ba irin wanda zai sa a gane daga ƙofar ɗaki ba.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Kowane fiksel a sensar 80D faɗinsa wajen maikiron 3.7 ne, na R5 kuwa wajen 4.4. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato tsohuwar kyamararka ce ta fi cunkoson fiksel, ita ce ta fi matsa wa lensi lamba. Da za a shimfiɗa irin sensarta har ta kai girman ta R5, da ta haura megafiksel 60. Saboda haka ɗan 50mm ɗinka da kake rainawa ya riga ya ci jarrabawar da ta fi wannan wuya, aƙalla a tsakiyar hoto. Sabon abin da R5 ta fito da shi shi ne kusurwoyi da gefuna, waɗanda 80D ke yanke maka ba ka taɓa ganinsu ba. A nan ne lensi mai araha ke nuna rauninsa in an buɗe shi gaba ɗaya a f/1.8. Lambar f girman ƙofar hasken lensi take nunawa: in lambar ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi. Tsuke ta zuwa f/4 ko f/5.6 ka ga yadda zai miƙe tsaye. A 2015, lokacin da Canon ta fitar da 5DS mai megafiksel 50, ta fitar da jerin lensin da ta ce su ne suka dace da ita, kuma a cikin jerin akwai 50mm f/1.8 da 85mm f/1.8, wanda aka fara sayarwa tun 1992. Lensi mai tsawo ɗaya, marar zum, ya fi sauƙin ƙerawa da kyau, shi ya sa mai araha a cikinsu kan yi kafaɗa da zum mai tsada. EF 50mm f/1.8 STM ya fito a kan dala 125 ko kusa da haka. RF 24-70 f/2.8 da aka ce ka saya ya fito a 2019 a kan dala 2,299. A f/5.6, a tsawon milimita 50, in aka ajiye maka hotunansu biyu ba tare da suna ba, sai ka yi da gaske kafin ka raba.

Yanzu hoton dangin da ya jawo maka asara. Wannan ba laifin lensi ba ne, ba kuma na sensa ba. Ka ce na gaba sun fito, na baya sun dishe. Lensi marar kyau ba ya zaɓar layi, kowa yake dishewa, ko kuma na gefe. In layi ɗaya ya fito wani ya ɓace, to zurfin wurin da fokas ke kamawa ne bai isa ba. Ina kyautata zaton holl ɗin ba haske, ka buɗe lensin zuwa f/1.8 ko f/2. Lensi mai milimita 50 a f/1.8, kana tsaye mita 4 daga mutane, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 70 ba daga gaba zuwa baya. Layi uku na manyan mata da ɗaurin ɗankwali da mayafi sun ci mita ɗaya da rabi. Da ka sa f/5.6, da zurfin ya haura mita 2, kowa ya shiga. Akwai kuma abin da ya canja da ka koma babbar sensa, wanda hannunka bai saba da shi ba tukuna. A kan 80D, 50mm ɗin yana matse hoto, sai ka ja da baya kafin mutane su shiga, ja da bayan nan kuma yana ƙara maka zurfi ba ka sani ba. A kan R5 kana matsowa kusa don cika firam, zurfin sai ya ragu. Lissafin mai sauƙi ne: abin da f/4 ke ba ka a 80D, sai ka kai wajen f/6.3 kafin ka same shi a R5. Duk lambobin f da ka haddace a tsohuwar kyamara ka ninka su da 1.6. Kuma da ka ci bashi ka sayi lensin dala dubu biyun nan ka buɗe shi a f/2.8, layin baya zai dishe dai, sai dai ya dishe da tsada.

A hoton rukuni ka sa fokas a layin gaba ko na biyu, kada ka bar kyamara ta zaɓi idon da ta ga dama. Ka kuma jera su a miƙe, ka hana na gefe lanƙwasowa gaba kamar baka, wanda shi ne abin da dangi ke yi da zarar an ce a matso.

Kada kuma jin haka ya sa ka zarce zuwa f/16 ko f/22 da tunanin komai zai fito. Haske in ya bi ta ƙaramar ƙofa bazuwa yake yi, ɗigo ɗaya ya zama ɗan faifai. Wannan dokar haske ce, babu kamfanin da ya tsallake ta, komai tsadar gilashinsa. A f/5.6 faɗin faifan wajen maikiron 7 da rabi ne, a f/8 kusan 11, a f/16 ya haura 21, wato ya mamaye fiksel biyar na R5 a jere. Shi ya sa a irin wannan kyamara kaifi ya fi taruwa tsakanin f/4 da f/8, f/11 ana iya haƙuri da shi in buƙata ta kama, abin da ya wuce nan kuma ka fara zubar da abin da ka saya. Ba wai hoton f/16 ba ya kallo ba ne. In rukuni ya yi zurfi sosai, gara kowa ya fito da ɗan laushi da a ce rabi sun ɓace.

Abu na gaba, wanda a ganina ya fi lensi cin hotunan masu biki, shi ne motsi. Tsohuwar ƙa'ida ta ce da lensi mai milimita 50 kada saurin shota, wato lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, ya sauka ƙasa da 1/50 na daƙiƙa. An yi ta ne a zamanin fim da ƙananan kati. A kan megafiksel 45, in kana son kaifi har cikin gashin ido, ka ninka saurin sau biyu ko uku, wato 1/100 ko 1/150. R5 tana da na'urar hana girgiza a cikinta, kuma tana aiki sosai, amma hannunka kaɗai take tsarewa. Ba ta tsayar da amaryar da ke juya kai tana amsa gaisuwa, ba ta tsayar da ƙawaye a filin rawa. Mutanen da ke tsaye suna jiran hoto, kada ka sauka ƙasa da 1/200. Wajen kamu ko dina inda ake motsi, 1/500. Dawakin hawan sallah a ƙofar fada in sun zaburo, 1/1000 zuwa sama. Na san abin da za ka ce: haske bai isa ba. Ɗaga ISO, saitin da ke ƙara wa hoto haske amma ya kawo masa ɗan tsakuwa-tsakuwa. Masu hoto da yawa suna tsoron 3200 kamar wuta, alhali wannan kyamara tana ɗaukarsa lafiya. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana wanke shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai dai a yi masa addu'a. Mafi alheri ma ka sa filasha, ka harba ta silin ko bango in fari ne. Walƙiyarta gajeruwa ce ƙwarai, tana daskarar da motsi, tana kuma ba ka damar tsayawa a f/5.6 cikin duhun holl. Filasha guda mai kyau da lemar baza haskenta za ta gyara hotunan bikinka fiye da kowane lensi da ke cikin shagon mutumin nan.

Shi 75-300 ba sai na daɗe a kansa ba. Yana rufe babbar sensa, ba a yanke shi, amma tsohon ƙira ne na masu farawa, ba shi da hana girgiza, kuma daga wajen milimita 200 zuwa sama yana laushi, yana kuma zana shuɗi-shuɗi ko jaja-jaja a bakin farar shadda in rana ta haska ta. A nan maganar mai shago tana da ƙamshin gaskiya. In dole ne ka yi aiki da shi, tsaya ƙasa da 200, sa f/8, ɗaga saurin shota. Ka kuma tuna cewa hoton nesa a ƙasarmu yana da abokan gaba biyu da ba ruwansu da lensi: hazon hunturu, da hucin da ke tashi daga ƙasa da tsakar rana a watan Maris da Afrilu, wanda ke sa abu mai nisa ya riƙa rawa. Ko lensin miliyan nawa ne, iskar da ke tsakaninka da mahayin ita zai ɗauko.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya, ka yi wannan gwaji, awa guda ya ishe ka. Manna shafukan jarida a bango mai santsi inda haske ke da kyau, a tsakiya da kusurwa huɗu. Kafa kyamara a kan ƙafarta ta fuskanci bangon sak, ba a karkace ba. Cire duk wata filta da ke bakin lensin. Waɗannan filtoci masu araha da ake liƙa wa mutum kyauta a kasuwa sun sha kashe kaifin lensi mai kyau, kuma ba wanda ke zarginsu. Goge gilashin gaba da na baya, don ƙurar hunturu in ta haɗu da maiƙon yatsa tana sa hoto ya yi fari-fari kamar an shafa masa hazo. Duba cikin menu ka tabbata girman hoto yana kan L (mafi girma) ko RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba), yankewa kuma tana kan cikakke, domin kyamarar hannu takan zo da saitin mai ita na farko. Sa ISO 100, sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada yatsanka ya girgiza ta. Ɗauki hoto da 50mm a f/1.8, 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16. Ka jera su a kwamfuta ka duba tsakiya, ka duba kusurwoyi. Za ka ga kaifin yana hawa, ya tsaya, ya fara sauka, kuma daga ranar ka san lensinka fiye da yadda kowane mai shago zai gaya maka. In hoton f/5.6 ya fito tar har ana karanta ƙananan rubutun talla, kyamararka lafiyarta ƙalau, lensinka ma haka, saura hannu da haske. In kusurwa ɗaya ta dishe sauran uku suna da kyau, gilashin ciki ya goce, wataƙila lensin ya taɓa faɗuwa. In ko'ina ya dishe a kowace lamba, ari lensin wani ka sake gwadawa kafin ka zargi kyamarar.

Wannan gwajin shi za ka yi wa duk lensin hannu da za ka saya nan gaba, ka ƙara da haska tocilan ta bayansa kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wato fumfuna, wadda ta fi kama kayan da suka kwana a wuri mai laima irin Legas da Fatakwal, da kuma hazo a jikin gilashin ciki.

In gwaji ya nuna komai lafiya, abin da ya rage maka na gaske shi ne ba ka da lensi mai faɗi da ke rufe babbar sensa, don ɗaki mai ƙunci da babban rukuni. Nan ne kaɗai nake ganin za ka taɓa aljihu, shi ma ba yau ba, sai aiki biyu ko uku sun shigo. RF 35mm f/1.8 da ya fito a 2018 yana da hana girgiza, yana kuma matsowa kusa sosai, ya dace da zanen lalle da zobe da aikin wuyan babbar riga. In zum kake so don saurin aiki, nemi 24-105 f/4 na RF (mai hawa R5 kai tsaye) ko 24-70 f/4 na EF (mai hawa ta adafta) a hannu. Don hoton amarya ita kaɗai, EF 85mm f/1.8 na hannu ko RF 85mm f/2 da ya fito a 2020 a kan dala 599. Sayar da 75-300 ka ƙara a kai. Shi RF 24-70 f/2.8 lensi ne na ƙwarai, ba na musun haka, kuma ranar da aikinka ya kai ya saya maka shi da kansa, ka saya. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, yi hayarsa na yini ɗaya a wajen abokin sana'a, ka kai shi gaban jaridar nan tare da 50mm ɗinka.

Akwai hali ɗaya da zan ce ka sayar da R5: in ka zauna ka yi lissafi ka ga kuɗin da ke shigowa ba zai iya biyan yayanka a lokacin da kuka yi alkawari ba. A nan sai ka sayar ka sauko zuwa R6 mai megafiksel 20 ko R6 Mark II mai 24, ka sa lensi mai kyau, ka rage bashi da canjin. Ba abin kunya ba ne, domin aikin biki bai taɓa buƙatar 45 ba. Takardar A3 a bugu mai kyau, ɗigo 300 a kowane inci, megafiksel 17 da rabi take ci. Firam mai inci 8 a 10 bai wuce 7 da 'yan kai ba. Canon 5D Mark III mai 22, wadda ta fito a 2012, ta ɗauki bukukuwan da ba sa ƙirguwa kuma ba wanda ya ce albam ɗinsa bai fito ba. Ga kuma nauyin da ba a faɗa wa mutum ranar saye: kowane hoton RAW na R5 yana kai wajen megabait 45, kati ya cika da wuri, kwamfuta ta riƙa nishi. Sa C-RAW, wato RAW da aka matse, yana rage kusan rabi ba tare da ido ya ga bambanci ba. Amma sayarwa cikin firgici faɗuwa ce, masu saye suna jin ƙamshin wanda ya matsu. Yi gwajin tukuna, ka yi biki biyu da sabon saiti, sannan ka yanke shawara da natsuwa.

Ka kuma lura da yadda hotunanka ke isa hannun masu su. In ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi ya zubar da mafi yawan fiksel ɗin, leshi ya koma kamar an dama shi. Tura a matsayin fayil, ko ka rage girman da kanka a kwamfuta ka ɗan ƙara masa kaifi kafin ka tura. Ba ko'ina ake son kaifin ba ma. Amarya tana son idonta da gashin idonta da duwatsun leshinta su fito, ba ta biya ka don ka ƙirga mata ƙurajen da mai kwalliya ta wahala ta rufe ba.

Yayar amarya tana da gaskiya, kada ka ja da ita. Iyayenta da gwaggonninta ne a layin bayan nan, kuma ba za a sake tara su a rana ɗaya cikin anko ɗaya ba. Je ka same ta da kanka, ba ta waya ba, ka ce Hajiya kuskure daga wajena ne. Duba sauran hotunan da ka ɗauka a wannan tsayuwar, sau da yawa akwai wanda fokas ya faɗa layin tsakiya, ko wanda za a iya ɗauko fuskokin baya daga cikinsa a haɗa. In babu, buga shi ƙarami a cikin albam, a nan dishewar ba za ta yi ƙarfi ba, ka cike gurbin da hotunan waɗannan dattawan da ka ɗauka ɗaiɗai. Ka yi hattara da manhajojin da ke cewa suna gyara fuskar da ta dishe: ƙirƙiro ido da haƙora suke yi, sai ka miƙa wa mutum hoton mahaifiyarsa da fuskar da ba tata ba, wannan kuma ya fi dishewa muni. Ka yafe wani abu daga cikon kuɗin da bakinka kafin ta nema.

Yayanka kuma ka je masa cikin makon nan, kafin ya sake tambaya. Shirun da kake yi ya fi jinkirin biya ɓata masa rai, don yana iya ɗauka ka raina shi ne ko kuɗin sun bi wata hanya. Ka ce masa, Yaya, kayan da na saya lafiyarsu lau, ni ne ban gama sanin kansu ba, yanzu na gano inda matsalar take. Nuna masa hoto biyu a wayarka, na da da na bayan gyara, ko bai san hoto ba zai ga bambanci. Sannan ka faɗi adadin da za ka iya kawowa duk wata, ƙarami wanda ba za ka saɓa ba, ka ɗora kuɗin farko a hannunsa a wannan zaman ko da kaɗan ne. In 80D ɗin ba ta fita aiki kullum, ba da hayarta ga yaran da ke koyon sana'ar tare da 18-135 ɗinta, abin da ta kawo ya tafi wajen Yaya kai tsaye.